Kwabon da Ke Wuyan Babur

Litinin, bayan rufe shago

Fis ya sake ƙonewa. Tun daga bakin gada na turo babur ɗin Baba har gida, da rana tsaka, ni Chio-ti da rabin unguwar nan ta Tainan ke kawo wa mashinansu gyara. Masu mangwaro sai kallona suke. Ya tashi lafiya, ya yi ta gudu lafiya, ina karya kwana hagu sai ɗif. Fitila ta mutu, oda ta mutu, inji ya yi shiru.

Babur ɗin ya girme ni, Baba ya saye shi tun kafin ya auri Inna. Jiya ya kira ni ɗakin sama ya ce ranar bakwai ga watan bakwai yana so a kai shi haikalin Uwa Bakwai a kansa, ba a mota ba, ba a keken asibiti ba. Na ce to, zan gyara. Sai ya ƙara da cewa, "Tek ne zai ja ni."

Tek fa! Ƙanena Bun-tek, wanda ya dawo makon jiya daga Kaohsiung da jaka ɗaya da tumbi. Tun ina 'yar shekara goma sha shida nake cikin baƙin man shagon nan, shi kuwa ko fulogi bai taɓa kwancewa ba. Ni ce mai gyara, shi ne mai hawa.

Talata, da hantsi

Na cire batir na auna, lafiyarsa ƙalau. Na kankare kawunansa, na bi wayar oda, na bi ta fitilar baya, na buɗe makunni na wanke. Na sa sabon fis, na ɗora shi a kan jakinsa na ƙarfe na bar shi yana aiki har shago ya cika da hayaƙi. Ko gezau. A tsaye mutumin kirki ne, sai an hau titi yake nuna hali.

Talata, da yamma

Baba ya cinye kwano guda na kunun shinkafa a hannun Tek. Ni da na dafa, jiya cokali biyu ya karɓa ya kau da kai.

Alhamis, da sassafe

Goggo Bi-giok mai kunun kifi ta tarar da ni a tsugune ina bin waya da ƙwan gwaji.

"Ke Chio-ti, har yanzu? Ki daina wahalar da kanki, wannan ba aikin waya ba ne. Watan fatalwa ya kusa, baƙin nan ne ke hure masa fitila."

"Goggo, ai ba a buɗe musu ƙofa ba tukuna."

"Yo a cikinsu babu masu sammako? Mijina ma da yana raye bai taɓa jiran a kira shi cin abinci ba."

Ta ajiye ɗan kwanon shinkafa a gaban taya, ta soka turare. Na ƙyale ta. Tana fita ta hangi Tek yana saukowa, sai murya ta canza: "A'a, ɗan gida ya dawo! Dubi yadda tsoho ya farfaɗo da ya gan ka." Ta juyo gare ni tana dariya, wai sunana ya yi aikinsa sau biyu. Haka ne kuwa. Chio-ti, wato mai kiran ƙane. Ko sunan da aka raɗa mini ma saƙo ne zuwa ga Tek.

Asabar, da rana

Likita ya zo. Ba zan rubuta abin da ya ce ba.

Abin da zan rubuta shi ne, da ya fito sai ya tambaya, "Wane ne ɗan?" Ya ja Tek gefe suka yi ƙus-ƙus a bakin matakala. Ni da na san wane magani ke sa shi amai, wane ke sa shi barci, ina tsaye da tasa a hannu kamar 'yar aiki.

Lahadi, da hantsi

Na gano wurin.

Na cire fis na haɗa ƙwai a gurbinsa, yadda in waya ta taɓa ƙarfe ƙwan zai haska maimakon wani abu ya ƙone. Na sauke babur daga jaki, na hau na zauna da nauyina. Na murɗa kai dama, shiru. Na murɗa hagu a hankali, a hankali, sai ƙwai ya yi wal! Na mayar, ya mutu. Na sake, ya haska. Ciwon yana wuya, inda damin wayoyi ke fitowa daga ƙarƙashin tanki ya shiga bayan fitila.

Nan ne kawai wurin da ban taɓa sa hannu ba a jikin babur ɗin nan. Ɗaurin Baba ne. Da tef ɗin ƙyalle yake naɗe shi, ya shafe da ƙaro, sumul kamar an saƙa. Duk shekara in watan bakwai ya kama yakan ce in je kasuwa, ya ja ƙofar shago, ya sake ɗaurin shi kaɗai. Na bara ne ya fito a karkace, lokacin hannunsa ya soma rawa.

Na hau sama da murnata har ina tuntuɓe.

"Baba, na kama shi! A wuya yake. Yanzu zan farke ɗaurin."

Ya buɗe ido, ya yunƙura kamar zai tashi. "Kada ki taɓa."

"Baba, in ban buɗe ba..."

"Na ce kada ki taɓa. Tek zai duba."

Na tsaya ina kallonsa. Tek yana gefen gado yana ɓare masa lemo, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Tek, wayar wuta wane launi ce?" Ya ce, "Haba Yaya." Na sauko. Na ji an tura ƙofa a bayana.

Lahadi, da yamma

Yau aka buɗe ƙofar fatalwa. Kowa ya fito musu da teburin abinci bakin titi, ni ma na fitar, na ƙona musu kuɗin takarda. Ban roƙi komai ba.

Litinin, da sassafe

Na shigo ɗebo ruwan zafi na tarar da Tek a durƙushe gaban babur, da wuƙar Baba mai ƙotar ƙaho. Wuƙar da ko fensir ba a yarda in feƙe da ita ba.

"Me kake yi?"

"Ba komai, Yaya. Dubawa nake."

"Da batir a haɗe? Ka yanka nan, ka ga yadda ake gasa mutum da safe."

Ya saki wuƙar kamar ta cije shi. Na ce ya faɗa mini abin da suke ƙullawa shi da Baba. Ya ce ya yi alkawari. Alkawari! Shekara da shekaru sai dai ya bugo waya ranar sabuwar shekara, yau shi ne ma'ajin sirri. Ni kuwa da na mayar da mai neman aurena, mutumin Chiayi, da zobensa saboda ba mai kula da shago da tsoho... Bari dai. Na ce ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Talata, da rana

Tek ya tafi karɓo magani, Baba yana barci. Na cire batir, na ɗauki reza.

Ɗaurin ya yi kauri fiye da yadda ya kamata. Ina ɓarewa ina jin wani abu mai tauri. Sai ga jan zare, sai ga kwabo. Kwabon tagulla na da, mai huda a tsakiya, ya yi kore, gefe ɗaya ya yi baƙi da ƙuna. Ya zame daga inda aka ɗaure shi, bakinsa ya ci rigar jar waya har ya kai ga tagullarta. In an murɗa hagu sai ya matsu tsakanin waya da ƙarfen wuya. Ciwon ke nan gaba ɗaya.

Na san irinsa, duk ɗan Tainan ya sani. Shi ake rataya wa jariri a haikalin Uwa Bakwai don ta riƙe shi, duk shekara a sake zare, har ya kai sha shida. Ranar nan sai iyaye su mayar da kwabon, su ɗaga gidan takarda yaro ya rarrafa ta ƙarƙashi, ya fito babba, Uwa ta sake shi. Tsofaffi kan ce wanda ba a mayar da nasa ba, ƙafarsa ba ta barin gida.

Nawa an mayar tuni. Shekarar da Inna ta rasu na cika sha shida, ba a yi biki ba. Baba ya cire shi daga wuyana ya hau babur, ya dawo ya ce, "Na kai miki, an gama." Na Tek kuwa tebur goma aka yi, da alade guda, da masu kiɗa. Ban je haikalin ba, ni aka bari da tukwane.

To wannan na Tek ne. Baba ya roƙo shi ya dawo da shi, ya ɓoye a inda hannunsa ke riƙewa kullum. Kuma zaren sabo ne, bai fi na bara ba. Ashe abin da ake kora ta kasuwa a yi ke nan. Duk shekara yana sake wa Tek zare, Tek yana can yana sayar da inshora, yana aure yana saki.

Kishi nake, ƙarara, ina da shekara hamsin da ɗaya ina kishin ƙanena a kan kwabo.

Laraba, da hantsi

Na yanke inda ya ƙone, na haɗa, na sa dalma, na naɗe. Ya gyaru. Na murɗa shi hagu har ƙarshe, ƙwai ko ƙyaftawa.

Fis yana aljihuna. Tek ya leƙo ya ce, "Yaya, akwai labari? Baba yana tambaya, saura kwana kaɗan." Na ce ana nan ana fama. Ya taka kik ya taka, ya yi gumi, ya haƙura. Ban yi ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ni ko akwai fis a ciki.

Laraba, da yamma

Na je bakin kwata da kwabon a hannu don in wurgar. Na daɗe a tsaye. Na dawo da shi na jefa a kofin ruwan tsami, don ba na iya ganin tagulla da tsatsa in ƙyale.

Alhamis, da sassafe

Kwabon ya fita fes. Bakinsa a lanƙwashe yake ta gefe ɗaya, da 'yan tsage-tsage.

Ni na lanƙwasa shi. Ashe nawa ne, ba na Tek ba. Da shi nake murɗa sukurun kafireta ina yarinya, lokacin da Baba ke hana ni taɓa sukundirebansa.

Alhamis, da rana

Na sa Tek ya fita. Na ajiye kwabon a kan bargo, daidai hannun Baba. Ya daɗe yana kallonsa, bai taɓa ba.

"Baba, ka ce ka kai."

"Na kai shi har bakin ƙofa."

"Sai aka yi yaya?"

Numfashinsa sai da ya huta tukuna. "Innarki ta tafi. Tek yana ƙarami, amma tun lokacin idonsa na kan hanya. Na tsaya a ƙofar, na ce in na miƙa wannan, ke ma shi ke nan. Na ce bari sai baɗi."

"Baɗin ne bai zo ba?"

"Duk shekara ina zuwa. In sake zare, in zagaya da babur ta gaban turare, in dawo."

"Har shekarar da mutumin Chiayi ya zo?"

Ya rufe ido. "Shekarar nan zare biyu na sa."

Na zauna a ƙasa. Na ce to me ya sa Tek, me ya sa ba ni zan kai shi ba. Ya ce, "Da wane ido zan hau bayanki in je mayar da abin da na sace miki? So na yi a gama ba ki sani ba. In na tafi ki ga kawai ƙafarki ta yi sauƙi."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na gyara masa matashi, don ya zame. Na ɗauki kwabona na sauko.

Alhamis, da yamma

Ban yarda kwabo na ɗaure ƙafa ba. Ni na zauna da kaina. Ni na ce wa mutumin ya tafi.

Amma shi ya yarda, kuma ya ɗaure.

Juma'a, da hantsi

Ban hau sama ba. Tek ne ya kai kunu, ya sauko da shi yadda ya hau da shi. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallona ina wanke sifanun da ba su yi datti ba.

"Yaya, ya ƙi ci. Wai sai naki hannun."

"Ai kai ne ɗan."

"Ɗan me? Kin san abin da yake ce mini in kin fita? Chio-ti ta ci abinci? Chio-ti ta rufe shago? Tun da na zo bai tambaye ni ina matata ba." Ya goge fuska da riga. "Nawa kwabon, ranar bikin, ko juyowa bai yi ba ya jefa a tire. Na ce a raina, tsohon nan ya ƙagu in tafi. Sai na tafi."

Na ce, "Kai aka yi wa tebur goma."

Ya ce, "Ke aka hana tafiya."

"Kana so mu yi musanya?"

Can na ce masa wawa, ya ce na gode. Har yanzu ina kishinsa, sai dai yanzu na san a kan me. Shi aka so aka sake shi, ni aka so aka ɗaure.

Na ɗumama kunun na hau. Na ba Baba a baki. Ya sha rabi.

Asabar, da yamma

Da safe na zaro fis daga aljihu na sa a gaban Tek. Ya buɗe baki, na ce ya rufe. Taka ɗaya babur ya tashi, har Goggo Bi-giok ta fito da ludayi tana cewa shinkafarta ce ta yi aiki.

Tek ya goyo Baba ya sauko da shi. Baba ya dubi Tek, ya dubi babur. Na riga na hau, na riƙe kai. Na ce, "Ni zan ja. Mai magana ya yi." Muka sa Baba a tsakiya, Goggo ta ɗaure shi a bayana da zanen goyo, Tek ya ɗane can ƙarshe, rabin mazaunansa a iska. Baba ba shi da nauyi ko kaɗan. Hannunsa yana ƙuguna, amma na lura kansa a ƙirjin Tek ya jingina. Na lura, kuma na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

A bakin gada na karya hagu. Na ji yatsunsa sun matse ni. Fitila ba ta ko ƙyafta ba.

Haikali cike da 'yan sha shida cikin jajayen riguna, iyaye na ta ɗaukar hoto. Baba ya karɓi kwabon ya sa a tire da hannunsa, sai da ya yi ƙara. Na ce to, mu tafi. Ya ce, "Saura gidan." Ashe Tek ya riga ya saya, ga shi nan da benaye da furanni na takarda.

"Baba, a gaban yaran nan? Da furfurata?"

"Durƙusa."

Tek ya ɗaga gefe ɗaya, wani dattijo mai kula da turare ya tallafi ɗayan, Baba ya ɗora tafinsa a kai daga kujera. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara, wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya uwarta ta make ta. Na rarrafa. Ƙasa da ɗumi, ga toka, ga ƙafafun Baba cikin silifas sun kumbura. Na fito ta ɗaya gefen da baƙin mai a farce kamar kullum.

Baba ya ce, "Kin girma." Ya ɗan huta. "Je ki."

Na ce, "Ina?"

Ya ce, "Oho miki."

A dawowa kansa a bayana ya kwanta. Na rage gudu don hanyar ta yi tsawo.

Talata, da rana

Baba ya rasu. Mutanen asibiti sun zo sun kwashe gadonsu da tukunyar iskar numfashi.

Litinin, da hantsi, a wata rumfar shayi

Ban san sunan garin nan ba. Akwai gonakin rake da tashar jirgin ƙasa ƙarama. Ba Chiayi na nufa ba, mutumin yana da jikoki, na sani. Arewa kawai na miƙa.

Da sassafe na naɗe wuyan babur da tef ɗin ƙyalle, na shafa ƙaro, ba komai a ciki sai waya. Na sa fis biyu a aljihu da riga ɗaya a jaka. Na miƙa wa Tek makullin shago.

"Yaya, in mutane suka kawo gyara fa?"

"Ka ce ba ta nan."

"Yaushe za ki dawo?"

"Ban sani ba."

Na taka, ya tashi. Kafin in karya kwana na duba madubi. Yana tsaye a ƙofar shago da makulli a hannu, yana bin bayana da kallo. Na san kallon nan sarai. Shekara talatin ina yi masa shi.